Inda Kawu Yake Kashe Talabijin

Ranar sadakar uku ta Kawu, falonmu na Concourse Village a New York ya cika har takalma suka tare ƙofar maƙwabta. Kawu yayan mahaifiyata ne. Shi ya ɗauko ni daga Maraɗi ina ƙarama, shi da matarsa da nake kira Inna suka raine ni a wannan gida, da yake Allah bai ba su haihuwa ba. Saboda haka ni ce mai kai shayi da karɓar gaisuwa, kuma duk abin da aka faɗa a kansa ranar, a kunnena aka faɗe shi.

'Yan tebur na Canal Street, abokan sana'arsa, suka ce ba a taɓa yin baƙo ya sauka New York ya kwana a tashar jirgin ƙasa ba, muddin labarinsa ya kai kunnen Kawu. Wani ɗan Zangon Kumasi ya yi ta kuka wiwi, ya ce rigar sanyin da ke jikinsa ma Kawu ne ya tuɓe ya ba shi. Mata a ɗakin Inna kuwa dariya suke cikin hawaye, suna kwaikwayon muryarsa in yana fassara fim. Na'ibin masallacinmu na Harlem, wanda ba su taɓa shiri ba, ya yi gyaran murya ya ce mutumin kirki ne, Allah dai ya yafe masa kallon nan da ya ɗora wa kansa. Kowa ya san kallon da yake nufi.

Da liman ya roƙi jama'a a yafe wa mamaci, Inna ta amsa daga bayan labule, muryarta a dishe: "Na yafe mishi, duniya da lahira." Ni ma na faɗa. Da zuciya ɗaya muka faɗa.

Ana cikin haka sai ga wani gajeren tsoho a bakin ƙofa, ya tuɓe takalma ya jera su kusa da namu. Mutumin Tibet ne, mai sayar da huluna da safar hannu a teburin da ke jikin na Kawu. Ban taɓa jin Kawu ya kira sunansa ba, Maƙwabci kawai yake ce masa. Ya shigo da wani farin ƙyalle irin nasu na girmamawa a hannu biyu, ya rasa wanda zai miƙa wa. Na'ibi ya kau da kai. Ni na tashi na karɓa, na nuna masa wurin zama, aka zuba masa shayi.

Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da Kawu. Amma ba rabinsa zan rubuta ba. Duka zan rubuta, har inda babu daɗi, don ni kaina ban gama jin haushinsa ba.

Kafin ya zo Amurka, Kawu mai fassara ne a wani gidan bidiyo a Maraɗi. Yakan tsaya gefen talabijin, fim ɗin Indiya ko na Sin yana tafiya, shi kuma yana mayar da shi Hausa nan take, shi ne jarumi, shi ne budurwa, shi ne mugu, har doki in ya yi haniniya sai ya faɗi abin da dokin yake nufi. Bai san Indiyanci ba, bai san Sinanci ba, kuma ba ya ɓoyewa. "Ni yare ban ji ba," in ji shi, "huska nike karantawa." Ya bar sana'ar ya koma sayar da agogo da tabarau a Canal Street, amma sana'ar ba ta bar shi ba. Ko faɗa ake yi a jirgin ƙasa da yaren da ba mu sani ba, sai ya sunkuyo ya raɗa mini abin da kowa yake cewa, ni kuma in yi ta danne dariya har cikina ya ƙulle.

Shi da Maƙwabci, tebur ne ya haɗa su. In Kawu ya tafi salla, Maƙwabci ya tsare masa kaya. In Maƙwabci ya rufe ido yana jan carbinsa, Kawu ya sallami masu sayen hula. Daga nan Maƙwabci ya fara ba Kawu aron faya-fayan fina-finan mutanen Tibet, waɗanda suka tsallake duwatsu suka bar ƙasarsu, da malamansu na addinin Buddha masu askakken kai da jajayen mayafai. Aro ya zama kyauta. Ranar Lahadi bayan la'asar sai a tura teburin falo gefe, Inna ta kawo gyaɗa, mata biyu ko uku na benenmu su shigo, Kawu ya tsaya gefen tsohuwar talabijin ɗinsa da rimot a hannu, ya koma ɗan gidan bidiyo.

Wannan ne ya haɗa shi da na'ibi. Na'ibi ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce, "Alhaji, ka san mutanen nan ba sa salla, ka tara mata kana nuna musu?"

Kawu ya ce, "Malam, ni ba addininsu na tahi koyo ba, nawa ya ishe ni. Zaman ƙasar wasu nike koyo. Sun riga mu iyawa."

Na'ibi bai sake cin abincin gidanmu ba sai ranar sadakar uku, kuma ranar ya ci da kyau.

Akwai wani fim da malaman suke durƙusawa kwana da kwanaki suna zana hoto da yashi mai launi, ƙwaya ƙwaya, in sun gama kuma su sa tsintsiya su share. Inna ta dafe ƙirji ta ce wannan ɓarna da yawa take. Kawu ya tsayar da fim ɗin ya yi mana bayani: mutanen nan cewa suke duk wahalar ɗan Adam daga riƙo take, mutum ya damƙe abu ya ƙi saki. Wannan magana ta zauna masa a baki. In 'yan sanda suka kwashe masa kaya, ya dawo gida ya ce, "An share yashi." In na faɗi jarrabawa, an share yashi. Na ɗauka babu wanda ya kai Kawu iya sakin abu a duniya.

Wata rana, bayan na fara iya karatun Turanci a makaranta, na dawo na tarar ya liƙa baƙin salatif a ƙasan gilashin talabijin, daidai inda rubutun fassara yake fitowa. Ya ce rubutun yana raba wa mutane hankali, kuma gida ɗaya ba ya ɗaukar masu fassara biyu. Muka yi dariya. Salatif ɗin ya zauna nan har na girma, har na zama ma'aikaciyar jinya, har muka sayi sabuwar talabijin aka mayar da tsohuwar lungu. Fina-finan Kawu a tsohuwar kaɗai ake kallonsu.

Cikin duka akwai wanda muke kira fim ɗin tsohuwa. Labarin wata mata ce da ta gudu daga Tibet tana budurwa, ta bar uwarta a ƙauye, ta tsufa tana saƙar darduma a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya. Tana cikin ƙuruciya ta je wurin malaminsu tana kuka, ya daɗe yana yi mata magana. Kawu yakan sassauta murya ya ce, "Cewa shikai, ɗiyata, ki yi haƙuri. Kada ki yi gaggawa. Baɗi hanya za ta buɗe." A ƙarshe sai a ga ta tsufa, tana hawan dutse cikin dusar ƙanƙara da sanda, har ta kai kan tudu, ta hango hayaƙin gidajen ƙauyensu a ƙasa, ta zauna tana murmushi. Nan Kawu zai ɗaga hannu ya ce, "Ta isa gida! Ga uwatta can tana hura wuta." Sai ya kashe talabijin. Sauran, in ji shi, sunayen 'yan wasa ne.

Wannan fim don Inna ake sa shi, kowa ya sani. Ita kaɗai ce 'ya mace a wurin mahaifiyarta, kuma takardunta na zama sun daɗe da mutuwa. In ta fita daga Amurka ba za a bar ta ta dawo ba. Kawu yana da nasa takardun, amma kullum akwai dalilin da ba za a tattara a koma gaba ɗaya ba: kasuwa, karatuna, lauyan da yake kan maganar Inna. Baɗi dai, baɗi. Har Inna ta sa masa Malam Baɗi, in ta kira shi haka ya amsa da fara'a.

Shekarar da ciwo ya kwantar da mahaifiyarta, Inna ta sauko da akwatinta daga kan kabad. Na ga ta ninke zannuwa, ta nannaɗe turaren da ta saya wa tsohuwar cikin ɗankwali. Ta ce, "Alhaji, ni tahiya za ni. In an hana ni dawowa, a hana."

Kawu bai yi faɗa ba. Bai taɓa ɗaga mata murya ba, wannan shaida zan yi masa ko'ina. Ya zauna a bakin gado, ya ce ta zo falo su ɗan zauna. Ba Lahadi ba ce, amma ya jawo tsohuwar talabijin ya sa fim ɗin tsohuwa. Ban taɓa jin ya yi fassara mai daɗin ta ranar ba. Da aka zo wurin malami, muryarsa rawa take. Da aka zo kan tudu, dukanmu kuka muke. Inna ta share ido da bakin zane, ta tashi ta mayar da akwatin kan kabad.

Mahaifiyarta ta rasu kafin damina. A waya aka gaya mata, tana tsaye a kicin da ludayi a hannu. Kawu ya fi ta kuka, har ita ta koma ba shi haƙuri.

Mu koma ranar sadakar uku. Da Maƙwabci ya tashi tafiya na raka shi bakin lifta. Da ɗan Turancinsa ya ce mini Kawu mutum ne mai taushin zuciya, duk lokacin da suka kalli fim ɗin tsohuwa a ɗakin ajiyar kaya, sai ya yi hawaye in ta juya baya.

Na ce, "Ta juya baya? Ai gida ta isa."

Ya dube ni, ya buɗe baki, sai lifta ta zo. Ya haɗa tafukansa ya sunkuya, ƙofa ta rufe.

Maganar ta yi ta cina. Wata rana bayan azahar, Inna tana barci, na jawo tsohuwar talabijin, na kashe sauti, na sa farce na ɓamɓare salatif ɗin. Ya bushe, sai da na kankare.

Malamin bai ce a yi haƙuri ba. Ga abin da rubutun ya nuna: babu wanda aka yi wa alkawarin baɗi, in kina son ganin uwarki, tashi yau, tun tana da ido kina da ƙafa. Matar ce ta ji tsoro ta zauna. Na bar fim ɗin ya wuce kan tudu, inda hannun Kawu yake ɗagawa. Ashe ba sunayen 'yan wasa ba ne. A ƙasan tudun akwai shingen waya da sojoji. Ta daɗe a zaune, ta ɗaura wani ƙyalle a jikin dutse, ta juya ta sauko ta hanyar da ta hau. Daga nan sai ga ta a sansani, a gaban dardumarta, tana gaya wa jikarta cewa uwarta ta daɗe da mutuwa, kuma da ta sani da ta koma tun shekarar farko, ko da kurkuku za a kai ta.

Na zauna a ƙasa. Abin da ya fara zo mini shi ne, Inna ba ta karanta Turanci. Ashe salatif ɗin nan ba don mutane aka liƙa shi ba. Don ni aka liƙa shi.

Duk da haka na nema masa mafita. Na ce mai yiwuwa bai sani ba, fuska yake karantawa, ya karanta ba daidai ba. Washegari na hau jirgin ƙasa na sauka Canal Street. Teburin Kawu har an ba wani. Na tambayi Maƙwabci kai tsaye ko Kawu ya san abin da malamin yake cewa. Ya ce shi da bakinsa ya fassara masa, jimla jimla, tun ranar da ya ba shi faifan. Ya ce da Kawu ya ji, sai ya ce, "In matata ta ji wannan, tafiya za ta yi." Shi ya ɗauka wasa ne, har ya yi dariya.

Na dawo gida ina jin kamar in je maƙabarta in tashe shi. Mutumin da ya cika mana kunne da sakin abu, mai an share yashi, ashe shi ya fi kowa damƙa. Ya saki agogo, ya saki tabarau, ya tuɓe rigar sanyi ya ba baƙo, amma mace ɗaya da ta roƙi ta je ta ga uwarta, ya riƙe ta da labarin da ya san ƙarya ne. Na san tsoro ne. Ba ɗa, ba jika, tsufa ya taho, in Inna ta tafi wa zai tarar a gida? Na san wannan duka, kuma sanin bai rage mini komai ba. Da ya ce mata, ina tsoro, kada ki bar ni, da ita ta zaɓa. Bai bar ta ta zaɓa ba.

Na mayar da sabon salatif, na ce zan yi shiru. Mace tana takaba, me zan ƙara mata? Ta riga ta yafe, a bar ta da mijinta yadda ta san shi.

Inna ce ta hana ni shirun. Wata Lahadi bayan la'asar ta fito falo da farin mayafinta, ta zauna inda ta saba, ta ce, "Ɗiyata, gidan ga ya yi shiru da yawa. Sa mini fim ɗin tsohuwa. Ki hwaɗa mini yadda Alhaji ka hwaɗi, ai kin hardace."

Na haddace kuwa. Na tsaya gefen talabijin da rimot ɗinsa a hannu, na fara, har da sauya murya, tana gyaɗa kai. Muka zo wurin malami. Ya buɗe baki, Inna ta gyara zama tana jiran a ce mata ta yi haƙuri. Na ji maganar Kawu ta zo har bakina. Sai na ga in na faɗa, ni zan ci gaba da riƙe masa ita. Na tsayar da fim ɗin, na cire salatif a gabanta.

"Inna, akwai rubutu a nan. Zan karanta miki abin da ya ce."

Na karanta. Ba ta motsa ba. Ta ce in maimaita, na maimaita. Muka tafi har kan tudu, tsohuwa ta zauna tana murmushi, Inna ta ɗaga hannu kaɗan, don jikinta ya saba nan ake tashi. Ban kashe ba. Ta ga shingen, ta ga sojoji, ta ga matar ta juya. Na karanta mata maganar ƙarshe. Sunayen 'yan wasa na gaskiya suka fara hawa.

"Shi ya san da wanga?"

"Ya sani, Inna. Tun ranar farko."

Na yi zaton za ta yi kuka ko ta yi salati. Ta dai zauna tana kallon gilashin, wurin da salatif ya bar tabo. Can ta ce, "Ashe kan tudu ya kai ni ya aje, ya kashe talabijin." Ta tashi ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar kujera, na leƙa, na gan ta a tsaye a kai tana jawo akwati. Turaren yana nan cikin ɗankwalinsa, ba ta taɓa kwance shi ba.

Ta ƙarasa takabarta cif, ba ta rage masa ko yini ba. Kullum ta yi masa addu'a bayan salla, ina ji. Amma ba ta sake ce masa Malam Baɗi ba, kuma da na'ibi ya aiko a tambaya ko za a zubar da faya-fayan, ta ce a bar su, fina-finan ba su yi wa kowa ƙarya ba. Da ta fita takaba na saya mata tikiti na tafiya kawai. Mata suka yi ta ba ta baki, wai wa ya rage mata a Maraɗi, ga asibiti a nan, ga ni. Ta ce ɗakin uwarta ya rage, za ta je ta zauna a ciki.

Wannan shi ne Kawu. Ya raine ni, ya biya mini karatu, ya koya mini dariya a cikin jirgin ƙasa, kuma ya rufe mini ido da baƙin salatif don ya cuci matar da ta fi kowa yarda da shi. Ina roƙon Allah ya yi masa rahama, ya haskaka kabarinsa, da gaske nake roƙo. Farin ƙyallen Maƙwabci yana nan na rataya a jikin tsohuwar talabijin, na rasa inda zan kai su duka biyun.

A filin jirgi, da muka zo inda ba a barin mai rakiya ya wuce, na riƙe hannun Inna na tambaye ta abin da ya daɗe a raina.

"Inna, kin yafe masa?"

Ta gyara mayafi, ta karɓi jakarta daga hannuna.

"Abin da na sani ran sadakar ukku, na yafe, ban janyewa. Wanga kau, shi jira." Ta dubi layin da ke gabanta. "Baɗi, in Allah ya kai mu."